Dokar Jin Ƙai: Bayani Ga Ma'aikatan Gure

A Amurka akwai wani wasa da ake kira sofbol, wato ƙwallo mai laushi. Ƙwallon ba shi da laushi ko kaɗan. Kewayensa santimita 30 ne, taurinsa kuwa duk wanda goriba ta taɓa faɗo wa a ka a kwarin ƙasar Muniyo ya san irinsa. An raɗa masa sunan a 1926, kuma har yau ba wanda ya kai ƙara.

Asalinsa a birnin Shikago ne, cikin watan Nuwamba na 1887. Wasu samari suna zaune a wani kulob, sai ɗaya ya jefi ɗan'uwansa da safar dambe, shi kuma ya make ta da sanda. Da a Gure ne, da an kira wannan faɗa an kai su gaban mai unguwa. A can kuwa wani mai suna George Hancock ya ɗaure safar ta zama dunƙule, ya ja layi da alli a ƙasa, ya ce wasa ne. An ruwaito cewa an tashi 41 da 40.

Tsarinsa ba wuya. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo daga ƙasa, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Wani ya buge shi da kulki, ya yar da kulkin, ya zaga tasha huɗu a guje, ya dawo daidai inda ya tashi. Wannan dawowar ita ce ci ɗaya. Duk ma'aikacin da ya taɓa tura takardar neman ƙarin girma ya riga ya gane wasan.

A gasar ma'aikatu ana haɗa maza da mata ne, yawanci mutum 10, biyar da biyar, ana bugu bi da bi: namiji, mace, namiji, mace. Nan ne Gure za ta yi fice in wasan ya iso, domin hannun da ya tashi da taɓarya tun yana shekara bakwai ba ya buƙatar mai horarwa. Layin fili ma akwai kanwa, ba sai an nemo alli ba. Yashi ne kawai matsala, don ƙwallon da ya faɗi a nan zai kwana.

To, wani lokaci ma'aikata ɗaya takan lallasa wata fiye da kima. Dalilin sananne ne. Ɓangare ɗaya yana da akawun da ya buga wasan a jami'a bai gaya wa kowa ba. Ɗaya ɓangaren ya zo da mutum takwas, da ƙanin matar shugaba, da wata baiwar Allah da ta kawo ruwan sanyi aka miƙa mata riga. Saboda irin wannan rana aka kafa dokar jin ƙai: wasan zagaye 7 ne, amma a gasanni da yawa in rata ta kai 10 bayan zagaye na 5, alƙalin wasa sai ya sallami kowa.

Jama'a suna ɗauka an yi dokar ne don a tausaya wa wanda ake ci. Kuskure ne. Wanda ake ci ya gama shan kunyarsa tun zagaye na biyu, saura bai dame shi ba. Mai ci ake ceto, kuma duk wanda ya taɓa buga ƙwallon ƙafa na sada zumunci tsakanin ma'aikata ranar 1 ga Mayu ya san haka.

A ce malaman lakwal sun zura wa ma'aikatan asibiti tara ba ko ɗaya. Madalla. Damina tana tafe, sauro ma haka, kuma mai tsaron ragar da aka yi wa dariya shi ke riƙe da allura. A ce ma'aikatan baitulmali aka yi wa haka. Wata dai yana da ƙarshe. Batun jandarmomi kuwa wannan bayanin ba zai taɓa shi ba, don marubucin yana bin hanyar Damagaram da babur.

Shi ya sa dokarmu ta jin ƙai ta fi ta Amurka inganci, ko da yake ba a rubuce take ba. Daga ci na uku, ɗan gaba sai ya fara auna duwatsun Kutus maimakon raga. Mai tsaron gida ya durƙusa cire ƙarangiya daga safa daidai lokacin da shugaban ɗaya ma'aikatar ya samu ƙwallo. In duk da haka shugaban ya ɓarar, ƴan wasa 22 su haɗa baki: "Ranka ya daɗe, iska ce." Alƙalin wasa kuma yakan ji kiran magariba tun rana tana sama.

Sabon ma'aikaci ne kawai yake cin biyar shi kaɗai, har ya tuɓe riga ya zaga fili. Ranar Litinin sai ya shiga ofis da fayil a hammata.

"Mushe, ina gajiyar wasa?"

"Gajiya ta bi lafiya, ranka ya daɗe. Takardar nan ce na zo a sa wa hannu."

"Af, biron ya ƙare. Ka leƙo bayan Sallah."