Abijan Ai Nan Kusa Ne

Mu mutanen Madawa da Buza da Keita ba ruwanmu da kilomita, awon nisa namu daban yake. Tambayi tsohuwa a Keita ina ɗanta, za ta ce maka yana nan Abijan, ta nuna da haɓa sai ka ce bayan kasuwa take nufi. Amma ce mata ta je Yamai karɓar wata takarda, ka ji salati: "Wannan uwar duniya, wa zai kai ni?" To ga shi kuwa daga Madawa zuwa Yamai kilomita wajen 500 ne a kan kwalta, daga Yamai zuwa Abijan kuwa ko ta sama aka miƙe ya haura 1,100. Mu dai garin da muke da ɗan uwa mai tebur a unguwar Ajame ta Abijan, shi ne kusa.

Masu boko sun ce jirgi na kai mutum Abijan cikin awa biyu. Gaskiya suka faɗa, sai dai sun manta jirgin ba a Buza yake tashi ba. Kafin ka sauko daga duwatsu, ka kama kwalta a Madawa, ka wuce Galmi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ka isa filin jirgin Diori Hamani, yini ya tafi, gwiwa ta yi tsami. Maniyyacinmu haka yake sha kowace shekara: Yamai zuwa Jidda kilomita wajen 4,000, jirgi ya cinye su tsakanin azahar da isha, alhali hanyar gida zuwa Yamai ta fi wannan ɗaukar lokaci. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa, shekaru suke yi, suna noma a hanya suna ƙara gaba.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ba kuɗin tikiti kaɗai ke hana mu hawa jirgi ba, har da saƙo. Ranar da aka ji za ka tashi, unguwa duk ta zama danginka. Wannan ta kawo ƙullin kuka, waccan busasshiyar kuɓewa, Inna ta ɗaure gabu da yaji a tsumma ta ce, "Ka ba Ɗan'auta hannu da hannu, kada ka aika yaro." Baffa ya turo buhun albasa, wai ai ba nauyi. Ina ma'aikacin jirgin da zai karɓi wannan a kilo 23? Wa kuma ke da ƙarfin halin mayar wa Inna ƙullinta? Sai mu hau bas, mu yi kwana biyu ko uku ta Wagadugu da Bobo da Buwake, muna cewa sannu ba ta hana zuwa. Mu da muke guna-guni yau, mu ne za mu kai namu ƙullin gobe in maƙwabci zai tashi.

Abu ɗaya nake roƙo, ’yan uwa. Hanyar Burkina ta yi tsanani a shekarun nan. In saurayi zai fita cin rani karon farko ya tambaye ku nisan Abijan, ku daina ce masa nan kusa ne. Ku faɗa masa kwana nawa ne, ku gaya masa inda ake tsayawa, ku ƙara masa guzuri.