Ramin Kuza da Kalangun Makaɗi

An ce a wani ƙauye can gindin duwatsun Riruwai akwai tsohon ramin kuza da damina ke cikawa taf. Ruwansa kore shar, a kwance lumui, amma ƙasansa taɓo ne mai riƙe ƙafa. Da rana tsaka, iyaye na gonar masara, yara kan sulale su tafi wanka. Wata shekara ramin ya ci yara biyu.

Mata suka ɗunguma ƙofar mai gari. Uwar ɗayan ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a kewaye ramin nan, a sa mai gadi."

Mai gari ya ce, "Share hawayenki, baiwar Allah. Yaran nan 'ya'yana ne." Aka bi gida-gida aka tara kuɗin shinge.

Kaka ta wuce, rani ya shigo, shiru. Wani dare a dandali makaɗin garin ya saka tambaya cikin waƙa: ina kuɗin shinge? Kafin hantsi an yi shela cewa saboda tarbiyyar yara an hana kiɗa a dandali. Aka fasa kalangunsa, aka zane shi a bainar jama'a. Bakin ramin kuwa ko kara ɗaya ba a kafa ba. Damina ta dawo, ramin ya ci na uku, kowa ya haɗiye maganarsa, don an ga yadda mai tambaya ya ƙare.

A yau irin wannan ramin yana cikin waya. Iyayen Doguwa da Tudun Wada da ke kuka da abin da 'ya'yansu ke gani a TikTok da Facebook suna da gaskiya. A 2024 Ostireliya ta yi doka, ta ɗora wa kamfanonin da kansu nauyin hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi, tare da tara mai nauyi. Mu kuwa a 2021 an rufe Twitter wata bakwai bayan ta goge saƙon shugaban ƙasa. A Nuwamba 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala ashirin-ashirin kan bidiyon da ya taɓa gwamna. Wane yaro ne rufewar da bulalar suka tsare?

Masu riƙe da akalar jama'a, amanar yaran nan tana wuyanku. Ku kafa shingen a bakin rami, ku bar mai tambaya ya yi tambayarsa.