Ɓarna Mai Lasisi

Wata al'ada ta samu gindin zama a gidajen masu hali, daga Amurka da Ingila har duk falon da intanet ta leƙa, wato ɓarnar da aka tsara. Ana ware mata rana da sa'a, a shimfiɗa leda tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin kujera, a ɗaura wa yaro riga kamar likita zai shiga tiyata, sannan a ce masa, "To, yi ɓarna, amma a hankali." Abin da aka fi yi a wannan zama shi ne takarda mai zanen marmara. A fesa kumfar aski a faranti, a ɗiga kalar abinci, a ja tsinken sakace a ciki, a kifa takarda mai kauri, a ɗaga, a kankare kumfar da rula. Sunan wasan na yaro ne, amma ku dubi hannun da ke riƙe da tsinken. Na uwa ne, ɗaya hannun kuma yana riƙe da waya.

Abin dariyar shi ne babu sana'ar da ta ƙi mai son mulki kamar wannan. A Japan, tun ƙarni na 12 ake yin suminagashi: a ɗiga tawada a kan ruwa, a hura mata iska, a bar ta ta tafi inda ta ga dama. Turkawa suna da ebru, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Su kan kaurara ruwa da wani ƙaro da suke kira kitre, su gauraya launi da ruwan matsarmamar sa don ya bazu, su yayyafa shi da burushin gashin doki. Gwanaye irin Necmeddin Okyay, wanda ya rasu a 1976, sun kai ga fitar da furanni a kan ruwa, duk da haka zane ɗaya ba ya maimaituwa. Saboda wannan halin ne Benjamin Franklin ya samar da irin takardar don kuɗin dala 20 na 1775, domin mai jabu ya rasa ta inda zai kwaikwaya. Abin da ya gagari ɓarayin kuɗi shi ne uwar ɗan shekara uku take son ya fito sak yadda ta gani a Instagram.

Za a ce ai wanki ba wasa ba ne, kuma mai wannan magana yana da gaskiya. Kalar abinci tana kama yatsu, tana kama kafet, kumfar aski kuwa ga idon yaro ba ta da maraba da abin lasa. Babu mai hankalin da zai hana shimfiɗa leda ko sa ido a kan baki. Sai dai leda kafet take karewa, ƙwace tsinke kuwa hoto yake karewa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. In aka sakar wa yaro tsinke, ba zai tsaya ba. Zai dama ja da shuɗi da rawaya kamar mai dama fura, har komai ya koma launin taɓo. Haka ne, kuma a nan ne kaɗai yaron ya gano wani abu da kansa, cewa launi uku masu kyau suna iya haɗuwa su haifi mummuna, kuma akwai lokacin da ya kamata hannu ya dakata. Takarda ta biyar za ta fi ta farko, in an bar shi ya kai ta biyar. Ba a bari, domin launin taɓo ba ya samun yabo a zauren dangi na WhatsApp, kuma babu gwaggon da za ta rubuta "Masha Allah, ɗana ya zama gwani" a ƙarƙashinsa.

Yaron nan fa shi ne jiya aka daka wa tsawa don ya tuƙa tuwon ƙasa a tsakar gida, kyauta, ba leda ba kyamara. Yau an sayo masa taɓo a gwangwani, mai ƙamshin turaren maza, an ce kada ya taɓa sai an gyara haske.