Risala a Kan Hukunce-Hukuncen Ɗumamen Burauza

Ka sani, ya kai ɗalibi, abin da masu fanni ke kira kash, a lugga rumbun wucin gadi ne. A isɗilahi kuwa shi ne burauza ta ɗebo maka tuwon jiya, alhali a gabanka aka tuƙa na yau. Mun zaɓi kiran sa ɗumame, domin ya fi kusa da ma'ana.

Ɗumamen da ke riskar mai ƙera ƙarin burauza kashi uku ne.

Na farko, bayyananne. Ka gyara manifest.json, Chrome bai san an yi ba. Wajibi ne ka je chrome://extensions ka danna lanƙwasasshiyar kibiyar nan. Babu saɓani a kansa.

Na biyu, ɓoyayye, kuma a nan ne ƙafafun manya suka zame. Rubutun da ƙarin ya riga ya cusa cikin buɗaɗɗen shafi ba ya tashi don an danna kibiya. Yana nan zaune kamar baƙon da mai masaukinsa ya yi ƙaura da dare; in ya aika saƙo cikin gida, a ce masa babu wannan gidan. Dole a sabunta shafin shi ma, kuma jerantawa sharaɗi ne: ƙari tukuna, sannan shafi. Wanda ya juya su, ya sake daga farko.

Na uku, na zato: kana gyara a wata jaka, burauza tana karatu daga wata. Wannan a haƙiƙa ba ɗumame ba ne, amma an saba jingina wa burauza laifin, al'ada kuwa tana da nata ƙarfi.

In aka ce: ai a DevTools akwai akwatin hana ajiya. Sai mu ce: hanin yana aiki ne muddin tagar na buɗe, rufe ta yana warware shi.

In aka ce: mutanen Firefox fa? Mazhabarsu ta sauƙaƙa, domin web-ext yana sake loda ƙarin da kansa duk sanda fayil ya canza. Ba mu ga aibin bin su ba, sai dai yana rage haƙuri.

Game da danna Ctrl+Shift+R sau bakwai a jere, zance mafi rinjaye shi ne ɗaya ya wadatar, sauran shidan na natsuwar zuciya ne, ba ma hana su. Amma kashe kwamfuta gaba ɗaya a sake kunnawa, wannan halal ne ga wanda ya kai ƙarfe biyun dare, makaruhi ga wanda bai kai ba.