Malam, Ɗan Matsa da Ita Nan

Mu nan Wudil ba mu ke zaɓar wa rediyo wurin zama ba, ita ke zaɓa, mu bi ta da tabarma. Kowane gida da inda aka san tana magana. Wani gidan a kan tagar ɗakin Inna ne, wani a rataye jikin ƙusa a zaure, wani kuma sai an ɗora ta a kan buhu a kusurwar rumfa. Ka ɗauke ta daga nan ka yi taku biyu, sai shuu. Yara ma sun san wannan. Idan Baba na jin labarai ba mai giftawa ta gabanta, domin giftawar kaɗai kan yanke magana a daidai inda ake son ji.

A majalisa kuwa har musu abin yake jawowa. Mai shayi zai rantse maka tashar Freedom tana shigowa teburinsa tangaram, maƙwabcinsa mai faci, wanda tsakaninsu bai wuce tsawon benci ɗaya ba, ya ce shi sai ya riƙe eriya da hannu yake jin shirinta na Inda Ranka. Sai ka ji ana cewa, "Malam, ai taka ce ta tsufa," ko "Alhaji, batir ɗinka ne ya yi sanyi." Wani ya ɗan bubbuga bayanta. Wani ya kai ta wajen mai gyara, a buɗe, a duba, a ce lafiyarta ƙalau. Ni ina bayan masu gyaran nan. Sau da yawa rediyon ba ta da laifin komai, wurin ne.

A fara da nisa. Yawancin tasoshin FM da muke ji a Kano suke, Rediyon Kano da Freedom da Rahama da Dala da sauransu, kuma tsakaninmu da birni kimanin kilomita 40 ne. Saƙon FM kusan miƙe yake tafiya, ba ya son lanƙwasa, ita kuwa ƙasa a dunƙule take. Ƙarfen watsa shiri mai tsayin mita 100, iyakar hangensa wajen kilomita 40 ɗin ne, sai ɗan abin da tsayin taka eriyar ya ƙara. Rediyon da ke ƙasa a kan tabarma ɗan kaɗan take ƙarawa, amma wadda aka ja wa waya zuwa saman bene mai tsayin mita 9 tana ƙara wajen kilomita 12. To ka ga mu a gefen hange muke zaune. Mutumin Fagge ko Gwale saƙo ya yi masa yawa, ko a ƙarƙashin gado ya sa rediyo za ta kama. Mu abin da ke iso mana ɗan daidai ne, ragi kaɗan sai ya nuna. Shi ya sa duk direban da ke bin hanyar nan ya san tasha kan yi rauni idan ya gangaro wajen gada, ta dawo idan ya hau tudu. Masunta da masu ɗiban yashi a bakin kogi, su da ke can ƙasa, sun fi kowa sanin wahalar kama tasha.

Amma nisa bai isa ya bayyana abin da ke tsakanin mai shayi da mai faci ba. Nan ne maganar ta fi daɗi.

Saƙon tasha ba ta hanya ɗaya yake zuwa wa rediyonka ba. Akwai wanda ya taho kai tsaye, akwai wanda ya bugi rufin kwanon maƙwabta ya dawo, akwai wanda ya bugi tankin ruwa, ko ƙyauren ƙarfe, ko jikin tirelar da aka faka a bakin titi. Duk suna haɗuwa a kan eriya guda, kowanne ya yi tafiya mai tsawo daban. Wanda ya taɓa tsayawa a kan gada ya ga kwale-kwale biyu sun gifta juna ya ga irin wannan: inda igiyoyin ruwansu suka haɗu tudu da tudu, ruwan ya yi tsalle, inda tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, ruwan ya kwanta. Haka igiyar rediyo take. Tsawon igiya ɗaya a FM wajen mita 3 ne. Saboda haka daga inda saƙon ya yi ƙarfi zuwa inda ya kashe kansa, tazarar na iya zama santimita 75 kacal, taku ɗaya na babban mutum. Idan dattijo ya ce wa jikansa, "Yaro, ɗan matsa da ita nan," ba camfi yake yi ba. Fitar da ita yake daga rami.

Kuma ramin kowace tasha daban. Freedom tana kan 99.5, Dala tana kan 88.5, tsawon igiyarsu ba ɗaya ba ne, don haka inda wannan ta mutu waccan na iya zama garau. Wannan ne dalilin da za ka ga gida guda, maigida na jin tasharsa a zaure, uwargida kuma tata tashar sai a bakin madafi.

Ranar Juma'a abin kan rikice gaba ɗaya. Kasuwa ta ci, manyan motoci sun yi layi a Kara suna jiran lodin shanu, mutanen Utai da Darki da Indabo da Lajawa sun cika gari. Ƙarfe ya ƙaru a ko'ina, kuma ƙarfen motsi yake yi. Wurin da rediyo ta saba zama lafiya ranar Laraba, yau sai ta dinga ɗaukewa tana dawowa duk lokacin da mota ta gusa. Babura ma da nasu: tartsatsin fulogi kan shiga rediyo ya yi ƙas-ƙas-ƙas, ya wuce da wucewar babur.

Dabarunmu na gida kuwa, mafi yawansu suna da tushe. Riƙe eriya da hannu yana aiki domin jikin mutum kansa yana kama saƙo, kuma tsayuwarsa a wurin tana sauya yadda igiyoyin ke haɗuwa. Zare eriya duka yana aiki domin tsawonta, wajen santimita 70 zuwa 80, shi ne rubu'in igiyar FM, daidai abin da ake so. Matasan da ke jin FM a waya sun san ba ta kamawa sai an sa iyafis, domin wayar iyafis ɗin ita ce eriyar. A miƙe ta, ta fi a dunƙule ta a aljihu. Inda muke kuskure shi ne ɗaura doguwar waya a jikin kwanon rufi muna zaton yawan ƙarfe shi ne ƙarfin kamu. Wani lokaci a dace, wani lokaci hayaniyar wayoyin wuta kawai za a jawo. Gwamma gajeriyar waya a ɗaga ta sama da rufi a kan gora.

Masu jin matsakaicin zango, wato AM, nasu lissafin daban ne. Eriyar da ke kama shi ba wadda ake zarewa ba ce, wani ɗan sanda ne baƙi a kwance a cikin rediyon, kuma yana da gefen da ya fi ji. Shi ya sa tsofaffinmu ba sa matsar da ita, juya ta suke yi a hankali har muryar ta fito. Gajeren zango kuma, inda iyayenmu suka saba kama BBC Hausa tun da aka buɗe ta a 1957, da Muryar Jamus, daga sama yake faɗowa. Saƙon kan tashi ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa, kuma wannan sashen yana sauyawa tsakanin rana da dare. Don haka da rana ake laluben mita 16 ko 19, da dare a koma 31 ko 41. Idan muryar ta yi ƙasa ta dawo, ta sake yin ƙasa, matsar da rediyo ba zai yi magani ba. Haƙuri ne kawai, a jira ta dawo.

Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne hayaniyar da muke haifarwa da kanmu. Inbata, cajar waya mai araha, ƙwan fitila irin na zamani, na'urar sola, duk suna fitar da ƙara wadda kunne ba ya ji amma rediyo na ji, musamman a AM da gajeren zango. Mun sha ganin dattijo ya shekara talatin yana jin shirin ƙarfe takwas da rabi na dare a kan dakalinsa, sai aka buɗe shagon caji a jikin katangarsa, tashar ta nutse cikin gurnani. Shi bai san dalili ba, sai ya ce rediyon yanzu ba ta da auki, ko kuma ya ɗora wa kunnensa. Ga mutumin da bai iya karatun boko ba, kuma ba ya riƙe babbar waya, rediyon nan ce hanyarsa ta sanin farashin taki, da ranar ganin wata, da sanarwar rasuwar abokinsa a wani gari. Ba ƙaramin abu ba ne a raba shi da ita.

Gwajin kuwa mai sauƙi ne, kowa zai iya yi wa na kusa da shi. A kunna rediyo da batir, a kashe kayan wuta ɗaya bayan ɗaya, a saurara. Wanda aka kashe gurnanin ya tsaya, shi ne. Sau da yawa matsar da caja zuwa ɗaya bangon, ko sauya ƙwan fitila guda, ya wadatar. Ga ɗaliban lantarki nan a Jami'ar Aliko Ɗangote, da yawansu a unguwanninmu suke haya, kuma wannan a cikin karatunsu yake. Idan ɗaya daga cikinsu ya zauna a majalisa, a tambaye shi, a kuma ba shi rediyon Baba ya zaga da ita tsakar gida.