Ƙa'idojin Kai Ɗalibai Dutse a Keken Doki

Duk shekara, a watannin Mayu da Yuni, makarantun ƙasar Poland kan kwashi ɗalibai zuwa duwatsun Tatra, kusa da garin Zakopane, don su ga tafkin Morskie Oko. Manufar tafiyar biyu ce: motsa jiki da sanin ƙasa. Fannin yana da ƙa'idoji uku, kuma duk mai nazari wajibi ne ya kiyaye su.

Ta farko ta shafi rabon aiki. Daga Palenica Białczańska, inda motoci ke tsayawa, zuwa tafkin kusan kilomita 9 ne, galibi hawa. Mutanen dutsen, wato Górale, na nan suna jira da kekuna masu dawakai bibbiyu. A nan ake raba manufar cikin adalci: ɗalibai su ɗauki sanin ƙasa, doki ya ɗauki motsa jiki. Masu kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna ƙorafi kan wannan rabo, sai dai har yau ba a ji ta bakin dokin ba.

Ta biyu ta shafi guzuri. Komai yawan abin da uwa ta ƙunso, yakan ƙare kafin a kai magangarar ruwan da aka raɗa wa sunan mawaƙi Adam Mickiewicz. Malama na bayanin mawaƙin, yara na lasar yatsu. Daga nan darasi ya koma tambaya guda, wadda ake maimaitawa a kowace kwana: "Malama, mun kusa?"

Ta uku ita ce ƙidaya. Malami ba ya ganin dutse, kawuna yake gani. Ya ƙirga ya sami ashirin da huɗu, ya sake ya sami ashirin da uku, gumi ya keto masa duk da sanyi, a karo na uku ya sami ashirin da biyar, don ya haɗa da mai keken. Wannan ya tabbatar da cewa yawan ɗalibai, kamar farashin kasuwa, hawa da sauka yake yi.

A Włosienica kekuna ke tsayawa, sauran tafiyar a ƙafa ake ƙarasa ta. A nan yaro ke tuna cewa Allah ya ba shi ƙafafu, ya kuma nuna rashin jin daɗinsa. Tafkin yana bisa tsayin mita 1,395, ƙololuwar Rysy mai mita 2,499 tana leƙensa. Ɗalibai kan kalle su gwargwadon lokacin ɗaukar hoto ɗaya, sannan su bi layin kek ɗin tuffa.

Ranar Litinin aka ce a rubuta insha'i kan abin da aka gani. Kowa ya rubuta launin dokin, da sunansa, da abin da ya kasayar a gaban shugaban makaranta. Dokin kuwa ya haddace kowace kwana da kowane gangare na hanyar. Ke nan sanin ƙasar ma shi ya tafi da shi, takardar shaida kawai ta rage a ba shi.