Rabe-raben Masu Tanadin Tsufa

Tanadin tsufa, wato abin da mutum yake keɓewa daga samunsa yayin da yake da ƙarfi domin ranar da ƙarfin zai gaza, al'amari ne da hukuma ta daidaita zancensa a Nijeriya tun shekarar 2004, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa tsarin fanshon karo-karo. Gyaran da aka yi wa dokar a 2014 ya ƙayyade cewa ma'aikaci zai riƙa zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ɗora kashi 10, a tara a wani asusu mai ɗauke da sunansa bisa sa idon hukumar PenCom. Sai dai doka ba ta tsara halin ɗan Adam, shi ya sa masu shirin ritaya suka kasu kashi-kashi, kowane kashi yana gudun wani haɗari na gaske, yana kuma taka ƙafarsa ya faɗa cikin wani.

Na farko shi ne mai rage shekaru, wanda ya gano cewa hanya mafi sauƙi ta shirya wa ritaya ita ce a hana ta zuwa. Da yake ƙa'idar aikin gwamnati ta ce a sallami ma'aikaci idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai ya garzaya kotu ya karɓo takardar rantsuwa, ya dawo ya zama ƙanen ƙanensa. Wanda ya bi fayil ɗinsa da lissafi zai tarar cewa ya kammala firamare kafin a yaye shi. Ba ya raba kansa da maganin rina furfura, kuma babban abokin gabarsa shi ne tsohon ɗan ajinsu mai yawan surutu a wurin ɗaurin aure. Asirinsa yakan tonu ne a ranar da ya je karɓar haƙƙinsa, inda za a ga lambar NIN tana faɗin shekara ɗaya, BVN ta banki tana faɗin wata, fayil ɗin ma'aikata kuma yana da tasa, a ce masa ya je ya sasanta mutanen nan uku kafin a biya ɗayansu.

Mai cewa 'ya'ya su ne fansho ba ya buƙatar dogon bayani, domin tsarinsa ya girmi kowace doka kuma ya daɗe yana aiki. Illarsa ɗaya ita ce jarin da aka zuba yakan gama jami'a ya dawo gida ya ci gaba da karɓar kuɗin kati daga wajen wanda ya zuba shi.

Mai kango kuwa ya cancanci a tsaya a kansa, saboda tunaninsa yana da tushe. Ya ga lokacin da dala ɗaya take wajen naira 160 a 2014, ya kuma ga ta haye naira 1,500 a 2024, don haka ya yanke cewa kuɗin takarda ba abin amana ba ne, ƙasa ce kaɗai ba ta narkewa. Duk abin da ya shigo hannunsa sai ya mayar da shi bulo da siminti a wani fuloti da ke bayan gari, ginin ya kai linta, wato daidai saman ƙofa da taga, ya tsaya nan shekara da shekaru yana jiran kuɗin kwano. A kowane ƙarshen mako yakan je ya zagaya shi hannu a baya, ya kori awaki daga inda yake kira falon baƙi, ya ƙidaya bulon da suka rage. Idan Allah ya nufa aka yi rufi, 'yan hayar farko yawanci dangi ne, waɗanda biyan hayarsu bai wuce gaisuwa da "Kawu, Allah ya ƙara arziki" ba, kuma neman ɗan uwa ya tashi daga gida magana ce da za a kai har gaban dattawan zuriya. Haka zai yi ritaya yana mai dukiya a takarda, yana kuma cin bashin cefane.

Kusa da shi akwai mai binne kuɗi, wanda bai yarda da banki ba saboda gudun ruwa, ko layi, ko idon jama'a. Wannan ya ga ta kansa lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, aka ga buhuna suna fitowa daga rufin ɗaki, wasu ɗaurin gara ta riga ta fitar da nata rabon. Abin lura shi ne tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba tare da ruwa ba, amma hujjar mutumin ba ta sauya ba, abin da ke nuna cewa idon jama'ar ne ainihin damuwarsa.

Mai jiran garatuti ya fi kowa nishaɗi. Garatuti shi ne kuɗin sallama da ake biya a dunƙule, kuma shi wannan ya gama kashe shi a zuci shekara goma kafin ya zo. Ranar da ya shigo, mutumin da ya yi shekara 35 yana sa hannu a fayil sai ya wayi gari masanin kiwon kaji, ya zuba 'yan tsaki dubu, cuta ta share su cikin mako guda. Ragowar kuɗin ya sayi a-daidaita-sahu ya ba wani yaro ya riƙa kawo balas, wato kason da direba yake miƙa wa mai abin hawa kullum, yaron ya kawo na wata ɗaya, daga nan sai labarin bakanike. Wasu a nan ne suke tuna cewa ƙarin aure sunna ne. Ɗan uwansa na jini shi ne mai neman ribar dare ɗaya, wanda harkar damfarar MMM ta cinye kuɗinsa a Disambar 2016, ya rantse ya ƙara rantsewa, sannan aka same shi cikin masu kuka da wata irinta, CBEX, ta rufe a 2025, yana bayanin cewa wannan karon an nuna masa shaida a waya.

Idan za a yi adalci, wadda ta fi su duka basira ita ce Hajiya uwar adashi, ko da yake ba ta taɓa kiran abin da take yi tanadin tsufa ba. Adashi zubi ne da mutane suke yi a lokaci ƙayyadadde, ɗaya ya kwashe a kowane zagaye. Ita kan mayar da kwasarta 'yan kunnen zinare da tunkiya biyu, zinaren yana bin farashin dala, tumakin suna haihuwa, kuma maigidan da yake da asusun fansho bai san adadin ko ɗaya ba har sai ranar da fanshon ya makara. Gwamnati ta ɓullo da ƙaramin tsarin fansho domin masu sana'ar kansu a 2019, amma zai yi wuya a shawo kan wadda take iya ɗaga katifa ta duba jarinta da idonta. Rauninta biki ne, domin auren 'ya guda yana iya lashe tanadin shekara bakwai a kayan ɗaki.

Akwai kuma tsohon ɗan fansho na tsarin da, wanda aikin da ya rage masa shi ne tabbatar wa hukuma cewa bai mutu ba. Tantancewa, wadda aka ƙirƙiro domin kakkaɓe 'yan fanshon bogi, ta mayar da shi ƙwararre: yana zuwa tun asuba da tabarma da buta da fayil cikin leda, ɗauke da hoto takwas alhali biyu aka nema, ya san masinjan da ake ce wa "ranka ya daɗe" da wanda "ɗana" ya ishe shi. Idan sabon mai ritaya ya tambaye shi yaushe za a biya, sai ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi ko ya taho da abincin rana.